Makarantar da Nake So Tana Ginin da Aka Sallami Babana

Anti, don Allah ki taimake ni. Kaina ya ɗaure, kuma babu wanda zan iya faɗa wa wannan a gidanmu.

Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin sufuri. Shugabata ta ce min ƙiri-ƙiri, in ban yi digiri na biyu ba, a kujerar nan zan tsufa. Na nema, makarantu biyu suka ɗauke ni. Ta farko babbar jami'a ce mai suna, digirin gudanar da kasuwanci gaba ɗaya, amma harkar ma'aikata sama-sama suke taɓa ta. Ta biyun ƙarama ce, sai dai a kan abin da nake so ta ƙware: dokar ƙwadago, ɗaukar ma'aikata, sasanta rikici. Kowa a ofis ita yake yabo.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙaramar tana cikin tsohon ginin kamfanin takalman da babana ya yi wa gyaran injina. A can, in za a sallami mutum, manajan ma'aikata kan kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya zuba masa ruwan sanyi da hannunsa, sannan ya faɗa masa. Har ma'aikata na tsokanar juna da Allah ya raba ka da ruwan manaja. Baba ya sha wannan ruwa ina sakandare, kuma bai ƙara zama daidai ba. Kullum da safe sai ya sa kayan aikinsa, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon titi, har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da na je ganawa da malaman, na tarar an yi fenti, amma matakalar nan mai tsagewa da nake hawa in kai wa Baba abinci tana nan, warin fata da gam bai gama fita ba. Suka ba ni kujera, wata malama ta zuba min ruwa don karamci. Wallahi Anti, na ji kamar tarin Baba a bayana. Ban san me na amsa musu ba.

Umma ba ta ma san a ginin nan makarantar take ba. Ita dai cewa take, duk aikin duniya na rasa wanda zan zurfafa a ciki sai na masu korar mutane? Ga lokacin rajista ya ƙarato. In gudu babbar in huta? Ina tsoron ginin, kuma ina tsoron in wayi gari na zama manajan nan.

Ɗiyar Mai Gyaran Inji

Ɗiyata, Allah ya jiƙan Baba. Abin da kika ji ba hauka ba ne, kewa ce da ba ta samu inda za ta sauka ba.

Babbar jami'a ba abin rainawa ba ce. Digirinta na buɗe ƙofofi da yawa, in har kina tunanin sauya layi wata rana. Amma wasiƙarki ba ta nuna haka ba, kin san abin da kike so. Saboda haka ki bincika ko hukuma ta amince da ƙaramar, ki nemi waɗanda suka gama ki ji inda suke aiki, ki tambaya ko malamanta sun taɓa riƙe ma'aikata ko a littafi kawai suka san su. Sannan ki roƙi a bar ki ki zauna a aji ɗaya, ki tafi da ƙawa. In zuciyarki ta ƙi, ki tafi babbar ba tare da kunya ba, lafiyarki ta fi kwali.

Umma kuma ki faɗa mata da bakinki kafin ta ji a waje, ita ma raunin nata ne.

Ba zan yi miki ƙarya ba, a wannan aiki wata rana sai kin sallami wani. Dokar da za ki koya ce za ta sa ki ba shi sanarwa a kan lokaci, ki tsaya masa ya samu haƙƙinsa. Ko kin ƙi, wani zai hau kujerar. Gara wadda ta san cewa mutumin da ke gabanta yana da 'ya a gida.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sanyaya zuciyarki da ta Umma.