Sunana Ya Je Makka, Ni Ban Je Ba

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da duk wanda idonsa ya kai kan wasiƙar nan. Ya gida, ya iyali, ya haƙuri da zamani? Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya yanke min hukunci ya daure ya kai ƙarshe. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo, na kusa ritaya. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan kowa yana ce min Alhaji, kuma ƙafata ba ta taɓa taka ƙasar Makka ba. Yau na fara faɗin wannan magana.

A shekarun tsuke bakin aljihu mahaifinmu ya sayar da bijimai biyu da gona ya biya min kujerar Hajji. Shi ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ya ce ni da na yi karatu in je in yi musu addu'a. A daidai lokacin aka sallami yayana Sale daga masaƙar da yake aiki a Kano, ga matarsa Asabe da goyon 'yarsu Hadiza, gidansu sai a wuni ba a ɗora tukunya ba. Da na shiga Kano jiran jirgi sai ya same ni a masauki, ya durƙusa, shi babba, ya ce, "Ƙanena, ka ba ni fasfon nan. Akwai wanda zai cire hotonka ya sa nawa. Shekara ɗaya kawai zan yi ɗinki a can, in dawo in kai ka da kaina." Na ce, "Yaya, Baba fa?" Ya ce, "Wa zai gaya masa? Kai kaɗai ne daga garinmu bana." Zan so in ce tausayi ne zalla ya sa na yarda, amma tunda na zo faɗin gaskiya, tsoron jirgi ma yana ciki. Ya aika wa Asabe cewa ya tafi Legas neman aiki, ya hau jirgi da sunana.

Ni kuwa na maƙale a ɗakin wani abokina a Kurna sama da kwana arba'in. A rediyo na ji hawan Arfa ina cin garau-garau. Da alhazai suka fara dawowa na sayi dabino da carbi da kwalli da 'yar jarkar zamzam a hannunsu, na je aka sa min haƙorin Makka a cikin birni, na hau motar gida. Aka tarye ni da guɗa. Baba ya kama hannuna yana shafawa a fuskarsa yana cewa hannun da ya taɓa Ka'aba. Me zan ce masa a ranar? Na ce a raina gobe, goben nan ce har ya rasu.

Bayan shekara biyu wani mutum ya kawo min kaset har makarantar da nake koyarwa. Muryar Yaya ce: "Ina Jidda, ina ɗinki. A nan da sunanka aka san ni, da shi nake amsawa. Takarduna sun ƙare, fita ta yi wuya. Ka gaya wa Inna da Asabe ina raye." Sau ɗaya na saurara na jefa a ƙasan akwati. In na ce yana Jidda, ai za a tambaye ni ta ina ya bi. Inna ta rasu tana sa a tambayar mata direbobin Legas. Asabe kuwa aka yi juyin duniya ta je gaban alƙali a raba auren ta ƙi, ta ce wanda bai ce ya sake ta ba ba za ta saki kanta ba. Ni na riƙe su ita da Hadiza, har mutane suna yaba min zumunci. Daga kaset ɗin nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a sai aka sa ni cikin dattawan da ke sulhu a garinmu, wai Alhaji ba ya ƙarya. Duk mai niyyar tafiya wurina yake zuwa bita, ni kuma na haddace littafi, ina kwatanta Safa da Marwa fiye da waɗanda suka yi safarsu da ƙafa. Da farko nakan ji kunya har cikin ƙashina. Daga baya na daina jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Hadiza ta girma ta yi karatu, aka ɗauke ta aikin ƙidayar jama'a, kuma unguwarmu aka ba ta. Da ta zo kan uwarta, takarda tana tambaya mai aure ce, ko sakakkiya, ko wadda mijinta ya rasu. Asabe ta ce, "Rubuta abin da kika ga dama." Yarinyar nan ta riƙe fensir ta kasa cike gurbin. Tun ranar ta shiga neman ubanta. Ta je inda masaƙar take ta tarar an rufe, ta aika Legas da Ibadan, shiru. Sai wata tsohuwa 'yar Getso da aka dawo da ita daga Jidda ta ce ta san wani tela a can mai irin goshin gidanmu, amma ba Sale ake ce masa ba, sunan ya ɓace mata. Hadiza ta tafi ofishin alhazai, ta yi mako uku tana roƙo har aka bar ta ta shiga ɗakin tsofaffin takardu, ta bi jerin fasinjojin jirage na shekarar da ya ɓata ɗaya bayan ɗaya. Babu Sale.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko ta same ni a zaure, ta gaishe ni a durƙushe, ta miƙo min takarda. Ta ce, "Baffa, ban ga na Baba ba, amma na ga naka, har na yi murna. Ga shi a jirgin tafiya. Sai dai na duba jiragen dawowa kaf ban gan ka ba. A wanne ka dawo?" Na ji bakina yana cewa, "Kin san takardun gwamnati, rabinsu gara ta cinye." Ta ce, "Haka ne, Baffa." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki takalmanta. Ban sani ba ko ta gane, kuma ban tambaya ba. Na ci tuwona a ranar kamar kullum, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

Yanzu ta samu kujera, bana za ta tafi, mijinta ba zai samu zuwa ba, ta ce ni take so in zame mata muharrami tunda na san gari. Ta sa an wanke tsohon hoton ubanta, ta rubuta Sale a ƙasa da manyan baƙaƙe, da shi za ta bi shagunan teloli tana tambaya. Ba wanda zai san wannan suna a can. Ko yana raye ko yana kabari, da sunana za a same shi, kuma ni kaɗai na san haka a duniya.

In na yi shiru, za ta je ta dawo hannu wofi, Asabe ta ƙarasa tsufanta ba ta san matsayinta ba. In na yi magana, dole in tsaya gaban matar da na kalla shekara ashirin tana jira, in ce mata tun 'yarta tana tatata na san inda mijinta yake. Ba na neman a ce min ban yi laifi ba, na san na yi. Jibi Hadiza za ta zo mu je a ɗauke ni hoton fasfo.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?