Na Saya wa Ɗana Bahago Safar da Ba ta Hannunsa Ba

Assalamu alaikum Anti Suwaiba. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, na tafka ɓarna da hannuna, kuma kwana goma kacal suka rage mini in gyara.

Ni 'yar Kano ce, shekararmu sha tara a unguwar Deira ta Dubai, maigidana yana sayar da kayan gyaran mota a Ras Al Khor. A nan na haifi ɗana na fari, Mika'ilu. A takarda kawai nake iya kama sunan nan, kin san mu da ɗan fari. Shekararsa sha shida yanzu. Bahago ne tun yana rarrafe. Ni kuwa yadda na ga an yi wa ƙanena a gidanmu, haka na yi masa. In ya miƙo hagu in ƙwala masa ludayi a bayan hannu. Har ɗaure hannun na taɓa yi da ɗankwali lokacin cin abinci. Da ya koyi ci da rubutu da dama, na ce khalas, an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. A makaranta ya shiga wani wasa wai shi besbol, wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki. Da hagun nan yake jifa, kuma wai a wasan nan bahago abin nema ne ruwa a jallo. Sau biyu ƙungiyarsu tana fita da shi gasar yara a ƙasashen waje. Ban taɓa zuwa kallo ba, shi ma bai taɓa cewa in zo ba. Har yau in ya shigo inda nake, hannun yana cikin aljihu.

To bana an zaɓe shi zuwa wata babbar gasa a Filifin, nan da kwana goma za su tashi, kuma an ce jami'o'in waje na turo mutanensu can su duba 'yan wasa. Wallahi na ji daɗi har cikin raina, amma bakina ya yi nauyi. Sai na ce bari kyauta ta yi magana. Na hau jirgin ƙasa na metro ni kaɗai, na je na sayo masa safar fatar nan da suke cafe ƙwallo da ita. Na ce wa mai shago ya ba ni wadda ake sawa a hagu, tunda yaron bahago ne. Na ajiye masa a kan gado. Ya zo ya durƙusa ya yi godiya, amma na ga jikinsa ya yi sanyi.

Sai jiya Abbansu ya warware mini. Ashe bahago a dama yake sa safa, don hagu ta zauna a sake ta yi jifa. Wadda na sayo ta masu jifa da dama ce. Yaron ya ɗauka saƙo na aika masa, ina so in rufe hagun kamar yadda na yi da. Ya gaya wa Abbansu ba zai hau jirgi babu albarkata ba, zai sa kocinsu ya cire sunansa. Abban ya yi masa bayanin cewa kuskure na yi, amma yaron ya ɗauka lallashi ne kawai. Anti, da kuka nake rubutun nan. In je in canzo safar in sake ajiye masa ne, ko yaya zan yi?

Uwar Bahago, Deira

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Share hawayenki, abin bai ɓaci ba. Amma kada ki sake ajiye komai a kan gado. Kin aiki kyauta ta yi miki magana, ta je ta faɗi abin da ba ki aike ta ba, kuma yanzu kina shirin sake aiken ta.

Koya masa ci da gaisuwa da dama da kika yi ba laifi ba ne, tarbiyya ce, addini ma ya so haka. Ludayin da ɗaurin ne suka yi yawa, kuma ke ma kin sani. Shi ma ya yi gaggawar yanke hukunci. Sai dai yaron da zai ajiye gasar da ya yi shekaru yana wa gumi don gudun ɓacin ranki, ba yaron da za a yi wa faɗa ba ne.

Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ban raina ta ba. Amma a Kano tana tafiya ne saboda akwai kaka da gwaggo da za su ja yaro gefe su gaya masa abin da uwarsa ta kasa faɗa. A Deira ba ki da su, dole ki zama gwaggon kanki.

Yau ɗin nan Abbansu ya kira koci, kada a taɓa sunan yaron. Ke kuma ki zaunar da shi, ki gaya masa ba ki san kan wasan ba, ki bar shi ya yi miki dariya son ransa. Ku koma shagon tare, ya zaɓa da kansa. Ki tambayi ranar atisayensu, ki je ki zauna inda zai gan ki. Ki nemi afuwarsa kan abin da ya wuce, hakan ba zai rage ki da komai ba. Daga nan ki kama hannunsa na hagu, ki riƙe da hannayenki biyu, ki sa masa albarka da bakinki yana ji.

Allah ya kai shi lafiya, ya ba shi nasara, ya dawo miki da shi yana dariya.

Anti Suwaiba