Hannun Hagun Tamar

Litinin, 4 ga Maris

Na karɓo wa Tamar fom ɗin makarantar nan ta kwana ta 'yan mata da kowa ke mutuwa a kanta. Yara arba'in kacal suke ɗauka a duk yankinmu. Jarrabawa ɗaya ga Yuni. Lucia, matar wan mijina, tun da 'yarta ta shiga bara ba ta bar mu mun sha ruwa ba a zumuntar matan coci. Ko addu'a aka ba ta sai ta cusa sunan makarantar a ciki. To, mu zuba mu gani. Tamar za ta shiga, ko ta so ko ta ƙi.

Alhamis, 14 ga Maris

Malam Gershon mai yi mata lesin ya ce kanta na ja sosai, musamman lissafi. Na sani, ai ni na haife ta. Hannun nan ne matsalar. Shekara goma sha ɗaya, har yanzu da hagu take rubutu, da hagu take miƙa wa manya abu. Ranar bikin godiya, a gaban ikilisiya duka, da hagu ta jefa kuɗin baiko a kwando. Ina kallon Lucia ta rufe baki da gyale tana dariya. Ban manta ba.

Yau kuma ga ta a shagona, wai ta kawo ɗinki. Ta ce bayan jarrabawa akwai intabiyu, suna lura da komai, har hannun da yaro ya karɓi takarda da shi. "Ba sa ɗaukan marasa tarbiyya fa, Maman Tamar." Ni za ta koya wa tarbiyya! Mtsw.

Daga yau dama. Na yanki ƙyallen atamfa na ɗaure hagun a jikin kujera.

Asabar, 16 ga Maris

Rubutun kamar kaza ta yi tono. Na yaga shafi huɗu.

Lahadi, 24 ga Maris

Na cire ta daga kwayar yara, ƙungiyar mawaƙan coci. Waƙa ba ta cikin jarrabawa. Ta yi kuka tun daga coci har gida, na ce ta ƙara, ruwan ya yi mana amfani.

Baban Tamar ya zo daga Gidan Waya, ya ga shatin ƙyallen a wuyan hannunta. Wai, "Afiniki, wannan abu bai yi yawa ba?" Shi da ke ganin ta kwana biyu a sati, ya ci tuwo ya miƙe ƙafa. Na ce idan yana da wata dabara ya zauna ya yi. Ya ɗauki rediyonsa ya fita tsakar gida. Dama na san iyakarsa ke nan.

Talata, 9 ga Afrilu

Yanzu a shago take karatu, inda idona ke kanta. Ina taka keke ina kallon agogo. Tambaya hamsin, awa ɗaya. Ta yi ashirin da shida lokaci ya cika. Duka ashirin da shidan daidai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta sani, taurin kai ne kawai.

Na kama ta sau ɗaya ta zame ƙyallen da na juya ina guga. Rular katako ta awon yadi tana kusa. Uku a bayan hagun. Ta ce, "Mama, da wannan ina gamawa." Na ƙara biyu saboda bakin.

Laraba, 24 ga Afrilu

Malam Gershon ya tare ni a bakin kasuwa, yana ta sosa ƙeya. Wai in yi haƙuri in bar ta da hannun da Allah ya ba ta, ko zuwa bayan jarrabawa, ba wanda ke duba hannu a wurin. Yaro jiya jiya da shi, ko aure bai yi ba. Na ce lissafi na ɗauke shi ya koyar, ba wa'azi ba. In ba zai iya ba, masu lesin sun fi ƙuda yawa a Kafanchan.

Ni ma ai bahaguwa aka haife ni. A Nok, mamata muciya mai zafi ta ɗora mini a hannu, tabon na nan. Ga ni yau ina yanka da dama, ban mutu ba. Ni ban ma ɗora mata wuta ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Talatin da huɗu ta yi cikin hamsin. Ba a buƙatar ƙyallen kuma, na daina ɗaurewa. Da kanta take zama a kan hagun, ta danne shi da cinya. Na ji daɗi. Ta daina surutun nan nata ma, gidan ya yi shiru.

Na gaya mata ko a cikin ajin jarrabawa ta canza hannu zan sani. Ta ce ta yaya. Na ce ni uwarki ce, ba abin da ke ɓoye mini.

Juma'a, 31 ga Mayu

Gwaji na ƙarshe da yamma. Talatin da ɗaya. Baya ma ta koma! Wata uku ina fama, na bar ɗinkin mutane, gobe jarrabawa, ta zauna tana jan fensir kamar mai ciwon hannu. Raina ya ɓaci, idona ya rufe. Na ce kawo hannun. Ta miƙo hagu, don shi ya saba. Na ce a'a, wancan, malalacin. Ban ƙirga ba.

Ya ɗan tashi. Na shafa mata man zafi. Zuwa safe zai sauka.

Asabar, 1 ga Yuni

Bai sauka ba. Yatsu uku sun kumbura. Na ce ta daure, ba a kanta aka fara ba. Na yi mata addu'a a bakin ƙofar makarantar da ake rubutawa, na tura ta ciki.

Lucia ta zo, wai ta zo taya mu jira. Ta kalli hannun, ta kalle ni. Na ce ƙofa ce ta datse ta.

Da aka fito na tambaye ta nawa ta yi. Ta ce ba ta sani ba. Ko kallona ba ta yi ba har muka hau mashin.

Talata, 4 ga Yuni

Malama Kubra ta zo karɓar ɗinkinta. Shekara nawa ina mata ɗinki, ashe ita ce ta tsare ajin su Tamar. Ta karɓi ledar, ta ƙi tafiya. Ta ce ta ga fensir yana faɗuwa daga hannun yarinyar, sau uku tana tsinta. Ta je ta sunkuya ta tambaye ta, ba kya iyawa da ɗayan? Tamar ta ce tana iyawa. Ta ce to yi da shi mana, babu dokar da ta hana. Wai sai yarinyar ta waiga taga, ta ce, "Mama za ta sani." Ta zauna a kan hannun har aka karɓi takarda. Ko rabi ba ta kai ba.

"Maman Tamar, me kika yi wa yarinyar nan?" Na ce ta gwada rigar ta gani ko hannun ya yi mata.

Alhamis, 18 ga Yuli

Sakamako ya fito. Babu sunanta. Maki huɗu ya rage ta shiga.

A zumunta na ce ai kowa ya san sai da sanayya ake shiga makarantar nan. Lucia ta ce sannu, Allah ya sa haka ya fi alheri. Baban Tamar ya ɗauki rediyonsa ya fita, da ma zagina ya yi. Na gaya wa Tamar ta kunyata ni. Ta ce, "Yi haƙuri, Mama." Shi ke nan abin da ta ce, ta tafi wanke-wanke.

Huɗu. Tambaya huɗu.

Asabar, 20 ga Yuli

Ba mutane a shago yau. Malam Gershon ya ce za ta iya sake rubutawa baɗi. Na kira ta, na ajiye mata takarda. Na ɗauki fensir na saka mata a hagu, don in gani ne kawai, ba wai wani abu ba. Na ce rubuta sunanki.

Ta saki fensir ɗin kamar garwashi, ta kai hannun baya ta ɓoye. "Ban yi ba, Mama. Ranar ma ban yi ba."

Na ce na sani. Na ce yanzu na yarda ta yi. Ta ƙi, tana ta kallon teburin awo inda rular take.

Na sallame ta ta je ta yi wasa. Ta tsaya a ƙofa tana jiran in canza magana.

Ban dake ta ba. Gajiya ce kawai. Gobe bayan coci zan sake ba ta fensir ɗin.