Na Ce Mu Jikokin Sarakunan Farisa Ne

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Da murya na turo wannan, ban iya rubutu ba. Ka sakaya sunana. Mai niyyar zagina ya riƙe abinsa, na sha wanda ya fi nasa.

Shayi nake sayarwa. Da a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartoum nake zama, yaƙi ya kore mu daga unguwarmu Kalakla, muka dawo Omdurman ni da 'yata da tufafin jikinmu kawai. Wani yaro makaniki ya ga 'yar, suka so juna, ya turo uwarsa ta gan mu. Matar nan ta shigo tana kallon tabarmata kamar za ta cije ta. Na ba ta shayi, ta ajiye. Ta ce, "Ya Hajja, ku Fallata ne ko? Na gonakin auduga?" Haka suke kiran mu Hausawan nan Sudan. Eh, a Jazira uwata ta tsinci auduga har bayanta ya lanƙwashe. Amma yadda ta faɗa, sai ka ce ta taka kashi. Raina ya ɓaci. Na tuna wani tsoho da ke shan shayi wurina a kasuwa, mai yawan labarin Farisa. Na ɗauko guntun nasa na ƙara nawa. Na ce, "Mu daga gidan Mihrazan muka fito, sarakunan Farisa. Shekara dubu suna mulki, uba ya bar wa ɗa. Wutar fadarsu ba ta taɓa mutuwa ba." Sunan ma a nan take na ƙirƙire shi. Ta ɗauki shayin ta shanye. Wallahi na ji daɗi.

Ina na san bauta wa wutar suke yi? Wa ya taɓa gaya min? Matar ta je ta tambayi ƙaninta mai karatu, ya ce sarakunan Farisa na da Majusawa ne. Ni kuma ba na barin garwashi ya mutu, da toka nake rufe shi ya kwana, haka na ga uwata na yi. Sai matar nan ta bi unguwa gida-gida tana cewa ai ga shi nan, har yau ba ta kashe wuta. Ni da ban bar sallah ba ko lokacin da harsashi ke ratsa rufin ɗakinmu! Ta aiko cewa ɗanta ba zai auri jinin Majusawa ba.

'Yata ta tsare ni a bakin murhu. "Yumma, sahi? Da gaske jininsu ne a jikina?" Na dubi idonta na ce da gaske ne. Wannan ce kunyata, ba ta matar can ba. Ta ɗauki buta ta kwara wa garwashin ruwa. Tun ranar ba ta ɗaga wayar yaron.

Shi ya zo da kansa, yana kirana Halti, wato inna. "Halti, ki zo gidanmu ki faɗi asalinku a gaban dangi, halas, shi ke nan, magana ta mutu." Sauƙin faɗa gare shi. In na je na ce ƙarya na yi, matar nan ta samu abin da take so: Bafallatiya kuma maƙaryaciya, a gaban 'yata. Kuma ko an ɗaura auren, na san irinta, kullum sai ta kira yarinyar "gimbiya" tana dariya. In na yi shiru, 'yata ta rasa wanda take so a kan sarakunan da ba a taɓa haifa ba.

Ranar Juma'a suke jirana. Na tsani matar nan, ƙafata ta ƙi zuwa ƙofarta. Ku gaya min, me zan yi?