Shafin Da Ya Ƙi Buɗewa a Kanya

Laraba, da dare.

Kaina kamar zai tsage. Baba Danladi ya taso tun daga Kanya a kan mashin, ƙafafunsa duk taɓo, don kawai ya nuna mini wayarsa. Shafin intanet ɗin da na gina wa ƙungiyarsu ta iyayen sojoji ya ƙi buɗewa a can, sai fari fat. Ga shi duk Lahadi bayan coci mata kan taru a kan waya guda su ga hotunan da 'ya'yansu suka turo daga bakin daga.

Abin haushi, yana shiga ɗakina shafin ya buɗe, ga ɗansa Bitrus cikin kaki yana dariya. Na rage nauyin hotuna, na cire manhajojin da nake zargi, na sake ɗora komai. Muka buga wa maƙwabcinsa ya duba, ya ce har yanzu fari ne. Ta yaya zan gyara abin da ba ya lalacewa a gabana?

Da zai tafi ya ce, "'Yata, kada ki damu. Zan goyo uwar Bitrus a mashin, ta zo ta gan shi a ɗakinki."

Na ce to. Har ya fita ban iya ɗaga kai ba.