Guntun Alkasum da Ran Kasuwa

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Ƙafar ta sake kumbura. Asuba a zaune na yi ta.

Da hantsi Zakiyya ta zo, wadda marigayi ɗana Alkasum ya koya wa aikin ordinata, wato kwamfuta, a jami'a. Rabona da ita tun sadakar arba'in ɗinsa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana juya gefen mayafinta kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

Manhajar nan ce da suka gina tare, mai aika wa mata saƙo a salula, wayar hannu, cewa ranar awo ko rigakafin yara ta zo. Ta kowa ce, in ji ta. Duk mai so ya buɗe ya karanta, ya gyara, kuma da ita ɗalibai ke koyon aikin. To akwai wani guntun manhaja da ɗana ya rubuta daban, manhajar tana jingine da shi. Tun rasuwarsa ba mai kula da shi. Duk sabon shiga a nan yake tuntuɓe, wasu su yi fushi su tafi. Mahamud, babbansu da ke Yamai, ya ce ƙarshen wata duk guntun da ba a rubuta dalilin barinsa ba za a cire shi, a sa wanda duniya ke amfani da shi.

Alkasum bai rubuta dalili ba. "Baba, ko ya taɓa gaya maka?"

Ni da na koyar da yara lissafi da alli. Me zan sani?

Talata, 8 ga Oktoba

Dalili wai. Ɗana ne ya yi shi. Bai isa ba?

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ta dawo da ordinatarta, ta nuna mini. Layuka kamar sawun tururuwa. Can sama sunansa, shi kaɗai na iya karantawa. Na sa yatsa a kan gilashin, ta kau da kai.

Cikinsa akwai sunayen ƙauyuka, kowanne da lamba a gabansa, daga ɗaya zuwa bakwai. Suna zaton sau nawa za a sake aika saƙo ne, ko wani jeri na ofis. Ta tambayi duk abokansa, ba wanda ya sani.

Na ce ta rubuta cewa mai shi ya rasu, a bar masa. Ta dube ni. Sannan a hankali: "Baba, in na rubuta haka za su bar shi wata shida don kunya. Bayan nan wani da bai san shi ba zai zo ya cire."

Na ji haushinta. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ba wanda ya shigo. Koko da safe, saura da rana.

Uwarsa ta tafi, shi ya bi ta, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage yana motsi da sunansa shi ne layukan nan da ban iya karantawa. Allah ya gafarta mini, na san ba a kan wannan ake hisabi ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Barira ta zo daga ƙauyensu can wajen Hamdara, da sabon gero da kuɓewa busasshiya. Ƙanwata ce amma tun muna yara ita ke yi mini faɗa. Ta dubi ƙafar ta ce na bar ta kamar turmi. Na ce ai na yi ta kiranta satin jiya, ba ta ɗauka ba.

"Yaya, karatunka dai na birni ne. Wa ke kiran mutum ba ran kasuwa ba?"

Wai salularta a cikin kwanon sha take kwana, a mace. Duk matan gidansu haka. Sai ran kasuwa ake tattara su a ɗaure a ɗankwali, a kai wa mai hasken rana ya cika su da wuta. Can kuma ake samun reso, layin waya ya kama, kan tudu bayan 'yan awaki. Kafin kwana biyu ta sake mutuwa.

Sai ta ce, tana tsince kuɓewa, ko kallona ba ta yi: "Marigayi kam ya gane. Bai taɓa kirana ba sai ran kasuwa bayan azahar. Akwai ranar da ya wuni zaune wajen mai cika wutar, yana tambayar mata daga wane gari suke, wace kasuwa suke ci. Har aka fara cewa ɗan Malam mata yake nema."

Ta yi dariya, sannan ta goge ido da haɓar zane.

Ɗaya zuwa bakwai, kwanakin sati. Nan take na kira Zakiyya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Haka ne. Ta gwada ƙauyukan da ta sani, kowace lamba ta faɗa kan ran kasuwarsu. Ta ce saƙon da aka aika wa matacciyar salula ba ya jira har abada, bayan 'yan kwanaki sai ya ɓace a hanya. Guntun da Mahamud ke so yana aikawa nan take. Na Alkasum riƙewa yake, sai ran kasuwar garin, sai rana ta karkata, sannan ya saki.

Ban je masallaci ba, ƙafa. Amma na ci abinci sosai.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ni da Zakiyya mun zauna rubuta dalilin. Na shirya magana mai tsawo: inda aka haife shi a unguwar Birni, yadda ya yi na ɗaya a lakwal, makarantar boko, haƙurinsa. Ta saurara har ƙarshe, Allah ya yi mata albarka. Sannan ta ce mai karantawa yaro ne ko yarinya da jiya ya fara, yana tsoron taɓa komai. Abin da yake bukata: me guntun ke yi, don me aka bar shi, me zai lalace in aka cire.

Muka rubuta da Hausa da Faransanci. Na gyara mata Faransancin wuri biyu, ta ce har yanzu malamin lakwal ne ni. An sa cewa in aka cire shi, uwa a ƙauye za ta ji labarin rigakafi bayan masu allura sun tafi, ko ba za ta ji ba sam.

Sai ta ce saura abu ɗaya: yaushe ne ya halatta a cire shi.

Na ce ba wannan a maganarmu. Ta ce bayanin da bai faɗi haka ba, tsoratarwa ce kawai, ba koyarwa ba. Na ce ta tashi ta tafi, na gaji. Ta tafi. Ta manta alƙalaminta.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ciwon kai. Ban rubuta komai ba sai wannan.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tunani nake: da yana nan, shi da kansa zai rushe shi ya sake. Haka yake tun yana ƙarami, ya gina motar kara ya ɓalle ta kafin magariba. Ni ne mai ajiye-ajiye.

Na kira Zakiyya. Na ce rubuta yadda zan faɗa: duk ranar da wani ya yi guntun da ya san ran kasuwa, aka gwada shi a ƙauye ba a ofis ba, to a cire wannan, ba laifi. Ta maimaita mini. Maganarta na ɗan yankewa. Na ce reso ne.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Sun bar shi. Mahamud ya kira da kansa, ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar.

Talata, 12 ga Nuwamba

Zakiyya ta zo tana inda-inda. Wata ɗaliba, Ummul Khairi, 'yar Garagumsa, ta karanta bayanin. Ɗalibar ta ce uwarta ma a kwano take ajiye salula. Ta fara rubuta sabo, mai sauƙi, wanda masu koyo za su iya gyarawa. In ta gama, na Alkasum zai fita, da sunan da ke samansa.

Ta jira in yi magana.

Na ce yarinyar ba ta san gabas ba. Kasuwannin yamma daban, na wajen su Barira daban, kuma da damina mata ba sa isa da wuri. Na ce Zakiyya ta kawo ta ranar Alhamis, Barira za ta shigo gari, su yi magana. Kada ta ɓata aikin, shi ke nan abin da ya dame ni.

Na aika a gaya wa mai fura ta ƙara. Na sa an share zaure, an shimfiɗa tabarma babba. Ba don komai ba, ganyen dogon yaro ne ya taru.