Rubutun Kakana da Kuka Binne

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Ɗakin Karatu na Unguwa, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina neman afuwa da na fito da wannan magana fili. Sau biyu ina shiga mota daga Basirka in zo wurinka, da wannan gwiwa tawa da ka sani. Zuwan farko aka ce ka tafi ta'aziyya. Na biyu ka aiko a gaya mini cewa magana ta riga ta wuce. A wurina ba ta wuce ba, Alhaji, kuma tun da ni na koya maka riƙe fensir a aji ɗaya, ina ganin ina da hurumin in sa ka zauna ka saurara.

Na farko, bari in gaya maka abin da kuka binne, domin na tabbata ba ku sani ba.

Littafin Turanci ne mai jan bango, wani Ba'amurke ya rubuta shi tun ƙarni na goma sha tara. Labarin wani yaro ne maras jin magana a wani ƙaramin gari na bakin kogi, mai gudun makaranta, mai shirga ƙarya, mai jan abokinsa zuwa inda aka hana su. Wani malaminmu ya ba ni shi kyauta ina ɗalibi a garinku Birnin Kudu. Da na je hutu gida, kakana Malam Buba ya gan ni ina dariya ni kaɗai a zaure, ya ce ko dai bokon ya fara taɓa mini kai ne. Sai na shiga karanta masa, ina mayarwa da Hausa, kullum bayan la'asar. A lokacin ya haura tamanin, haƙoransa ba su fi huɗu ba. Ya yi ta ƙyaƙyata dariya har tari ya sarƙe shi. Yakan ce, "Wannan ɗan Nasara, da a Gwaram aka haife shi da ya ci na jaki." Can kuma sai ya ce, "Ashe can ma haka yara suke."

Ranar da muka kai ƙarshe bai yi dariya ba. Ya tambaye ni, "Abokin nasa fa, ya dawo gida?" Na ce ya dawo, duk sun dawo. Sai ya ce in bar masa littafin. Mutumin da bai san ko harafi ɗaya na boko ba, ya riƙe shi rani guda. Da ya mayar mini, duk gefen shafuka da fararen takardun gaba da na baya sun cika da ajami, da alƙalamin kara da tawadarsa ta allo. Ya fara da Bisimilla, kamar yadda kowane mutumin kirki yake fara rubutu.

Na biyu, abin da ya rubuta. Yawancinsa ƙuruciyarsa ce, tun kafin Turawa su zo ƙasar nan. Duk inda yaron Amurka ya yi wata ɓarna, Kaka ya tuna wurin daga hotunan da ke ciki, ya rubuta tasa a gefe: yadda suka saci rake, yadda suka ɗaure wa wani mai unguwa jaki a ƙofar masallaci, sunayen unguwannin da yanzu gonaki ne. Amma a shafukan ƙarshe akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matansa.

Yana da kamar shekara goma, aka tura shi da abokinsa Tanko korar tsuntsaye a gonar dawa. Kaka ne ya yi ta zuga Tanko su bar gonar su tafi kogi kamun kifi. Tanko ya ƙi, ya ce an hana, ana jin labarin mahara. Kaka ya ce masa matsoraci, har ya yarda. Suna cikin ruwa maharan suka fito. Kaka ya nutse cikin ciyawar bakin kogi, yana ji Tanko yana kiran sunansa har muryar ta yi nisa. Da ya dawo gari aka tambaye shi, ya ce rabonsa da Tanko tun hantsi. Ba a sake ganin Tanko ba. Mahaifiyarsa kuwa, har ta rasu, in ta dama fura sai ta kira Kaka ta ba shi rabon ɗanta, don shi ne abokinsa. Ya rubuta cewa ya sha, kuma bai taɓa jin ta wuce masa maƙogwaro da daɗi ba.

Shekara saba'in da wani abu yana ɗauke da wannan. Wa'azi bai buɗe bakinsa ba, tsufa bai buɗe ba, sai labarin wani yaro daga ƙasar da bai san inda take ba. Layin ƙarshe da ya rubuta roƙo ne, cewa duk wanda ya karanta ya yi wa Tanko addu'a, domin bai san ko an yi masa sallah ba.

Na uku, kuskuren da aka yi. Bayan rasuwar maiɗakina idona ya fara rauni, 'ya'yana kuma duk suna Kano, babu mai sha'awar tsohuwar takarda. Na kawo littafin ɗakin karatunku da hannuna, na ce yara su karanta. Da kuka yi sharar ɗakin a watan da ya wuce, sakatarenku Malam Habu ya buɗe shi, ya ga Bisimilla da haruffan Larabci a cikin littafin Turawa mai hotuna. Hankalinsa ya tashi. Ya ɗauka ayoyi ne wani ya rubuta a inda bai dace ba. Ya haɗa shi da yagaggun shafukan Alƙur'ani da aka tara, aka sa a kwali, aka haƙa rami a filin bayan ɗakin aka binne, don kada a taka. Shi da kansa ya gaya mini, yana ba ni haƙuri, amma ya ce ba zai nuna mini wurin ba sai da izininka.

Ban ga laifin niyyarsa ba. Girmama sunan Allah ya yi, kuma haka aka koya mana. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, a cikinku mutum bakwai babu wanda ya tsaya ya haɗa baƙi biyu ya ji Hausa ce. Da ya karanta layi ɗaya da ya ci karo da jaki da rake. Amma in na zarge ku, dole in fara da kaina. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa ɗaukar alli na rubuta ajami a allon aji ba. Mu malaman boko muka raina shi, muka yaye ku ba ku san rubutun kakanninku ba. Kuma ni ne wawan da ya riƙe littafin nan fiye da shekara hamsin bai kwafe shi ba, kullum sai gobe. Wannan baƙin cikin nawa ne, ba na ɗora maka shi.

Na huɗu, an ce ka ce ko ba don rubutun ba, littafin ya tsufa, labarin wata ƙasa ne, yaran yanzu ba abin da za su tsinta a ciki. Alhaji, kai ma ka ji shi. Ranar Alhamis nake karanta muku shi a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, kuma kai ne kake roƙo a ƙara shafi ɗaya bayan an kaɗa ƙararrawa. Kwana biyu bayan haka aka kamo ka a dutse ka gudu daga aji, ka ce mini ciwon ciki ne. Na karanta shi ga 'ya'yan manoma da 'ya'yan makiyaya, aji bayan aji, ban taɓa samun wanda ya tambaye ni ina ne Amurka ba kafin ya fara dariya. Kowa ya san yaron nan, ko a gidansu yake ko shi ne da kansa. Yara suna sonsa don yana yin abin da suke so su yi. Tsofaffi kuma suna son littafin don a cikinsa yaran da suka fita suna dawowa gida, abin da ba kullum yake faruwa ba.

Ga roƙona, ba shi da yawa. Ka ba Malam Habu izini ya nuna mini ramin. Na ji dalilinka, cewa tono abin da aka binne da sunan Allah rashin ladabi ne. To, a kira liman ya tsaya a kai, a yi da alwala, a ciro littafin kaɗai a mayar da sauran yadda suke. In liman ya duba ya ga aya ce, ni da hannuna zan mayar da shi in rufe. In kuma an same shi da sauran rai, zan zauna a ɗakin karatunku in karanta, wani ya rubuta da boko, a ajiye biyun tare.

Abu ɗaya nake so ka riƙe. Tawadar Kaka ta allo ce, ƙaro da gawayi, an yi ta ne don ruwa ya wanke ta. Turancin zai iya jure laima, ana kuma samun irinsa a kasuwa. Rubutun Malam Buba ruwan farko ne zai tafi da shi, kuma babu wani a duniya. Jiya da la'asar na ga hadari ya haɗu ta gabas, mutanen Kangire da ke kusa da ku ma sun ce an yi musu yayyafi. Kowa a Basirka yana roƙon ruwa, ni kaɗai nake kallon sama ina jin kunyar abin da zuciyata take roƙo.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya albarkaci zuriyarka, Ya sa ka gama da wannan shugabanci lafiya. In kuma ruwan ya riga mu, to kai da duk wanda ya karanta wasiƙar nan kun ji saƙon da ke shafin ƙarshe. Sunansa Tanko, ɗan shekara goma, daga ƙasar Gwaram. A sa shi a addu'a.

Wassalam.

Naka, tsohon malaminka,
Malam Sale, Basirka.